Babban ɗan kwangila: me yake yi da har ya cancanci kasonsa?

Hajiya Mai Kanti:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen masana gini. Ni da abokan kasuwancina za mu gina bene hawa uku, ƙasa kantuna, sama ofisoshin haya. Zane ya kammala, izinin gini ya fito, kamfanoni uku sun kawo tayinsu. Biyu kuɗinsu ya yi kusa da juna, na ukun kuwa ya yi ƙasa da su nesa ba kusa ba. Dukkansu a takardunsu sun rubuta gaskiya, amana, inganci, kiyaye lafiyar ma'aikata, kalmomi iri ɗaya sak. Ana cikin haka ɗaya daga cikinmu ya ce mu bar kamfani gaba ɗaya, mu ɗauki magina da kafintoci da masu wuta da kanmu, tunda shi babban ɗan kwangila ko bulo ɗaya ba ya ɗauka, raba aikin kawai yake yi ya ɗora ribarsa a kai. To mene ne ainihin aikinsa? Kuma ta yaya zan gane wanda amanarsa ba a takarda kaɗai ta tsaya ba?

Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abokin kasuwancinki bai yi ƙarya ba. Mu ne muke hawa tsani, mu ne muke shan rana, mu ne wuta take ja. In an gama a yanka kyalle a ɗauki hoto da mai kamfani, mu kuma mu koma zaryar neman cikon kuɗinmu.

Injiniya:
Malam Mai Wayarin, kukanka yana kan hanya, za mu zo kansa. Amma kada ya sa Hajiya ta yanke hukunci da gaggawa.

Hajiya, abin da kike saya wajen babban ɗan kwangila ba ƙarfin damtse ba ne. Abu na farko, mutum ɗaya kike da shi da za ki kama. Sa hannu ɗaya, alhaki ɗaya. Ranar da ruwa ya fara ɗiga daga silin ɗin ofishin hawa na biyu, in ke kika ɗauki kowa daban-daban, mai rufi zai ce laifin mai famfo ne, mai famfo ya ce mai tayil ne ya huda bututu, mai tayil ya ce haka ya tarar da wurin. Ba wanda za ki iya tabbatar wa laifi, gyaran kuma daga aljihunki. In akwai babban ɗan kwangila, ke ba ruwanki da wanda ya yi ɓarnar. Shi za ki kira, shi zai gyara, can su ƙarata da yaransa.

Abu na biyu shi ne jeranta aiki, kuma nan ne yawancin masu gini ba sa ganin wahalar. Kafin a zuba kankaren dakin, wato rufin kankare da ke tsakanin hawa da hawa, dole bututun wuta su riga sun kwanta, ramukan da bututun ruwa da na na'urar sanyaya ɗaki za su bi a riga an bar su, rodi ya ɗauru, injiniya ya zo ya duba ya sa hannu. In mai wuta ya makara kwana biyu, motar kankare da aka yi wa alƙawari ta tashi a banza, kafintoci su zauna, hayar injin ɗaga kaya tana ta tafiya. In kuma aka zuba ba tare da shi ba, gobe zai zo da guduma yana fasa abin da aka zuba jiya, wani lokaci har ya yanke rodi. Akwai kayan da sai an yi odarsu watanni kafin a buƙace su, kamar lif da taransfoma da manyan gilasai. Wanda bai san wannan ba sai gini ya tsaya cak sannan zai farga. Tun wajen 1957 aka fito da hanyar tsara jadawali a Amurka wadda take nuna jerin ayyukan da in ɗayansu ya yi jinkirin kwana ɗaya, duk aikin ya yi jinkirin kwana ɗaya. Kamfanin kirki kullum idonsa yana kan wannan jerin.

Ɗan Kasuwa:
Injiniya, da girmamawa, ni da kaina na tsaya na gina gidana, ba kamfani ba kowa, kuma ga shi yana tsaye lafiya lau. Ina ganin kuna kambama abin ne don sana'arku ce.

Injiniya:
Allah ya sanya albarka a gidan, Yallabai. Amma gidan zama daban, ginin kasuwanci daban. Naka iyalinka ne a ciki, sun san kowace ƙofa. Na Hajiya baƙi ne za su riƙa shiga ɗaruruwa, waɗanda in gobara ta tashi ba su san ta inda za su fita ba. Ana maganar faɗin matakala, ƙofofin da ke buɗewa waje, ƙararrawar gobara, nauyin kayan da ɗan haya zai jibge a hawa na biyu. Ga kuma 'yan haya da aka yi wa alƙawarin ranar shiga, wataƙila ga bashin banki yana ƙirga kwanaki.

Bari in kawo misalin da ya fi ƙarfin mu duka. Sabon filin jirgin saman Balin a Jamus, an fara aikinsa a 2006, aka sa buɗewa a 2011. Masu filin sun ga tayin manyan kamfanoni ya yi tsada, sai suka fasa ba kamfani ɗaya babban ginin, suka yayyanka aikin suka rarraba. Ba a buɗe filin ba sai ƙarshen Oktoban 2020, kuɗin ya ninka fiye da sau biyu, babbar matsalar kuma tsarin kashe gobara da fitar da hayaƙi ne da ya ƙi aiki yadda aka tsara. Dalilan jinkirin suna da yawa, har da canje-canjen zane da aka yi ta yi ana tsakiyar gini. Amma rashin hannu ɗaya mai haɗa kan aikin yana cikin abubuwan da aka fi ambata.

Alhaji Ɗan Kwangila:
Hajiya, ni zan tsaya kan tayin nan na uku, don shi ya fi tsaya mini a rai.

Siminti farashinsa ɗaya ne ga dukkanmu, rodi haka, yashi haka. Ladan birkila bai bambanta can-can ba. To in kamfanoni biyu sun yi lissafi sun haɗu a wuri ɗaya, na uku ya faɗo ƙasa sosai, ruwa ba ya tsami banza. Ko dai ya yi kuskure ya manta wani sashe, ko ya ga giɓi a zanen ya yi shiru yana jira a sa hannu sannan ya fara kawo takardun ƙarin aiki, ko kuwa ya riga ya ƙudurta zai rage a inda ido ba ya gani. Duk ukun ke ce za ki biya. Ko na farkon da ba da gangan ya yi ba, in ya kai tsakiyar aiki ya ga asara yake yi, ko ya gudu ko ya fara ha'inci.

Ban ce lallai ki ƙi shi ba. Yana yiwuwa yana da injinansa na kansa, ko yana da ma'aikata a zaune yana son ya riƙe su ko da ƙaramar riba. Ki kira shi ya zauna ya warware miki lissafinsa. Mai gaskiya zai yi murna da wannan zama.

Malama Mai Ƙididdiga:
Na goyi bayan Alhaji, kuma ina so in ƙara yadda ake yin zaman. Kada ki kwatanta jimilla da jimilla. A jera takardun ƙididdigar kaya guda ukun, a bi su layi-layi: tan nawa na rodi kowa ya sa, kankare mita nawa, wane irin waya, wane kaurin kwano. Sannan a karanta shafin abubuwan da kowa ya ce ba sa cikin kuɗinsa, domin a nan ake ɓoye bambancin. Wani zai cire haɗa wuta da babban layi, wani zai cire shimfiɗar harabar ajiye motoci.

Sai ki duba sashen hidimar wurin aiki: shingen da za a kewaye filin, masu gadi, ruwa da wutar wucin gadi, makewayin ma'aikata, inshora, albashin mai kula da aikin, kayan kariya. Wannan shi ne abin da abokinku yake gani kamar riba ce zalla, alhali hidima ce da ko ku kuka tsaya da kanku sai kun biya ta. In kika ga kamfani ya sa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a wannan sashen, to ya gaya miki yadda zai tafiyar da wurin tun kafin ya fara.

Game da kare kuɗinki: kada ki ba da kafin alƙalami sai da takardar lamuni daga banki. Ana kuma karɓar takardar lamunin kammala aiki, galibi kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwangilar. A kowane biya ana riƙe kashi 5 zuwa 10, a saki rabi ranar miƙa gini, sauran rabin bayan wa'adin gyara kurakurai, wanda yawanci wata 12 ne. Biya kuma bisa aikin da aka auna aka gani, ba bisa kwanan wata ba.

Mai Wayarin:
Yauwa Malama, kin zo inda nake jira. Wannan kuɗin da ake riƙewa, wa kike tsammani yake ɗaukar nauyinsa? Hajiya ta riƙe na kamfani, kamfani ya riƙe namu, mu kuma ba mu da wanda za mu riƙe wa. Yarana kullum yamma sai na sallame su. Mai sayar mini da waya ba ya jiran wata 12. Na taɓa yi wa wani kamfani aiki, ba zan kama suna ba, mai ginin ya biya su tsaf, ni kuwa sai "ka dawo mako mai zuwa" har na gaji na bar wa Allah. A ƙofar ofishinsu kuma an rubuta amana da manyan baƙaƙe.

Shi ya sa nake cewa Hajiya, in kina son sanin halin kamfani, kada ki tambayi waɗanda ya gina wa kaɗai. Ki nemi mai wutarsa da mai famfonsa da mai kawo masa tsakuwa. In mutanen da yake aiki da su shekara da shekaru su ne dai har yau, to yana biya. In kowane sabon aiki da sababbin fuskoki yake zuwa, akwai dalili.

Barista:
Maganar Malam Mai Wayarin ba ƙorafin mutum ɗaya ba ce, cuta ce ta sana'ar a duk duniya. A Birtaniya kamfanin Carillion, wanda shi ne na biyu a girma cikin kamfanonin gine-ginen ƙasar, ya durƙushe a Janairun 2018. Ya kasance yana jan biyan ƙananan 'yan kwangilarsa har kwana 120. Ranar da ya faɗi, bashin da ke kansa ya kusa fam biliyan 7, kuɗin da ke hannunsa kuwa fam miliyan 29 kacal. Kamfanoni wajen 30,000 ne suke hulɗa da shi. Manyan asibitoci biyu da yake ginawa suka tsaya, na birnin Libaful bai buɗe ba sai 2022. Wato da kuɗin ƙananan yake jujjuya kasuwancinsa, yana karɓar sababbin ayyuka da araha don ya cike ramin tsofaffi.

Kuma wannan ya faru ne a ƙasar da tun 1996 ta yi dokar da ta hana sharaɗin "sai an biya ni zan biya ka" a kwangilar gini, in ban da yanayin da mai ginin ya karye. Don haka Hajiya, jinkirin biyan ƙananan ba matsalarsu kaɗai ba ce. Alama ce da ke nuna lafiyar kamfanin da za ki damƙa wa dukiyarki.

Alhaji Ɗan Kwangila:
Barista, gaskiya ne, kuma ba zan kare mai cin gumin wani ba. Amma a yi mana adalci. Sau da yawa mai ginin ne yake fara jinkirin. An auna aiki, an sa hannu, sai a yi wata biyu ba biya, alhali kai ka riga ka sayi rodi. Abin da na ɗauka amana a nan shi ne: wanda ya gama aikinsa a ƙarƙashina, ni na ɗauke shi, ba mai ginin ba. Ko zan ci bashi in biya shi, in ya so ni in bi nawa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ba shi da jarin da zai iya wannan bai kai ya karɓi aikin ba tun farko.

Baba Tsohon Fomen:
Ku yi haƙuri in sa baki, duk maganarku ta takarda ce da kuɗi. Ni a cikin ƙura na tsufa.

'Yata Hajiya, ginin da za ki gani ranar miƙawa fenti ne da tayil da fitilu. Abin da zai riƙe shi ba za ki taɓa ganinsa ba, domin an binne shi. Zurfin fandisho, dandaƙe ƙasar da aka mayar, yawan rodi da tazararsa, ɗan tsakanin da ake bari daga rodi zuwa katako don kankare ya lulluɓe ƙarfen kada ya yi tsatsa. Duk wannan cikin awanni kaɗan ake rufe shi, daga nan sai Allah sai wanda ya yi.

Ga inda ake gane kamfani. Motar kankare ta iso, rana ta take, kwaɓin ya fara ƙarfi, leburori suna cewa a ƙara ruwa don ya yi saurin gudu. Ƙara ruwa yana sauƙaƙa aiki, yana kuma kashe ƙarfin kankare, ba wanda zai gane a ranar. Fomen ɗin kirki, wato shugaban ma'aikatan wurin, zai hana. In motar ta daɗe a hanya har kwaɓin ya lalace, zai mayar da ita, kamfani ya ɗauki asarar. To fomen ba zai iya wannan ba sai ya san maigidansa zai tsaya masa, ba zai kira shi da dare yana zaginsa kan mota ɗaya ba. Saboda haka halin mai kamfani ne yake saukowa har bakin tiyo.

A kowane zubi ana ɗiban samfuri a zuba a ƙananan akwatuna masu faɗin santimita 15, a kai ɗakin gwaji a matse su. Na kwana 7 yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin, na kwana 28 shi ne hukunci. Ki ce a riƙa ba ki sakamakon. Sannan bayi: kankare yana son ruwa a bayansa aƙalla mako guda, ba a cikinsa ba. Kuma kada a yi gaggawar cire katako da turakun da suka tallafe dakin don ana son kai su hawa na gaba.

Injiniya:
Baba ya gama magana. A kan gaggawar nan, a Afrilun 1978 a jihar Bajiniya ta Yamma a Amurka, ana gina doguwar hasumiyar sanyaya ruwa ta tashar lantarki. Dandamalin da ma'aikata suke tsaye a kai an maƙala shi ne a jikin kankaren da aka zuba jiya-jiya, bai yi ƙarfi ba. Ya ɓalle, mutum 51 suka rasu a take.

Baba Tsohon Fomen:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ya sa in na ga an rubuta "lafiyar ma'aikata" a takarda ba na kulawa sai na je wurin. Hajiya ki je wani aikin da suke yi yanzu, ba tare da sanarwa ba. Ki duba gefen dakin, akwai shinge? Ramin lif a rufe yake? Wanda yake sama yana ɗaure da igiya? Ramin da ya fi tsayin mutum an tokare gefensa ko an bar shi haka? Kusoshi a warwatse suke? Wurin da ba a damu da ran lebura ba, ba za a damu da rodinki ba.

Injiniya:
Don a samu ma'auni: dokar Amurka ta wajabta kariya daga faɗuwa da zarar ma'aikacin gini ya kai ƙafa 6 daga ƙasa, wato kusan mita 1.8, da tokare rami in zurfinsa ya kai ƙafa 5. Faɗowa daga sama ita ce ta fi kashe ma'aikatan gini a can. Kowace ƙasa da dokarta, amma jikin ɗan Adam iri ɗaya ne.

Ɗan Kasuwa:
To na ji, na kuma ƙaru. Amma har yanzu ina ganin wannan zancen halaye talla ce. Abin da yake riƙe ɗan kwangila shi ne yarjejeniya mai tsauri da tarar jinkiri. In ya san kotu na jiransa zai yi daidai, ko yana da amana ko ba shi da ita.

Barista:
Rabin maganarka nake tare da ita, Yallabai. Tun zamanin Hammurabi na Babila, kusan shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, doka ta ce maginin da gininsa ya rushe ya kashe mai gida shi ma a kashe shi. Wato tun can an san kyakkyawan zato kaɗai ba ya isa. Yau ma akwai tsararrun yarjejeniyoyi irin na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya wadda aka kafa a 1913, da ake amfani da su a ƙasashe da yawa. A cikinsu in ɗan kwangila yana da buƙatar ƙarin lokaci ko ƙarin kuɗi, dole ya sanar a rubuce cikin kwana 28, in ba haka ba haƙƙinsa ya faɗi. Wannan yana hana a ɓoye matsala sai ƙarshen aiki. Ina ba Hajiya shawara ta yi amfani da tsararriyar yarjejeniya, kada ta yarda da shafi biyu da kamfani ya rubuto da kansa.

Inda na rabu da kai shi ne, kotu bayan ɓarna take zuwa. Tana iya karɓo miki diyya, in kamfanin yana da abin biya. Ba ta iya zaro rodi daga cikin fila, wato ginshiƙin gini, ta ƙirga kafin gini ya tsage. Tarar jinkiri ma in ta yi tsanani ba a bar ƙofar ƙarin lokaci ba, ita ce take tura mutum ya cire turaku da wuri.

Hajiya Mai Kanti:
Allah ya saka muku da alheri, ina ta rubutawa. Ga wata tambayar. Abokan nawa suna cewa in kasuwa ta yi kyau ana tsakiyar aiki, za mu ƙara hawa na huɗu, kuma muna so a cire fila biyu a ƙasa don babban kanti ya yi fili. Ai kuɗinmu ne. Kamfanin da zai ce mana a'a, ba taurin kai ba ne?

Injiniya:
Hajiya, don Allah ki karanta wa abokanki wannan.

A birnin Seoul na Koriya ta Kudu akwai wani katafaren kanti mai suna Sampoong. Tun ana gini mai shi ya canja manufar ginin zuwa kanti, ya ce a cire wasu ginshiƙai don a sa matakala mai tafiya da kanta. Kamfanin da yake aikin ya ƙi, sai ya sallame shi ya ci gaba da kamfaninsa na kansa. Daga baya aka ɗora hawa na biyar a kan ginin da aka tsara wa huɗu, aka cika shi da gidajen abinci, ga manyan na'urorin sanyaya iska a kan rufi. Ranar 29 ga Yunin 1995 aka wayi gari da tsagewa a hawan sama, shugabannin suka gani, ba su fitar da jama'a ba. Da yamma ginin ya rufta, mutum 502 suka mutu. Kamfanin nan da aka kora ya rasa kwangila. Shi ne irin wanda nake so ki ɗauka.

A Bangladesh ma, Rana Plaza, Afrilun 2013: an ƙara hawa a kan ginin da ba a tsara shi don masana'anta ba, aka ga tsagewa ana gobe, aka mayar da ma'aikata ciki. Ginin ya rufta, mutum 1,134 suka mutu.

Kuɗinku ne, gaskiya. Amma rayukan da za su shiga ba naku ba ne. In kuna tunanin hawa na huɗu, ku faɗa yanzu a sake lissafin fandisho da filoli tun ba a haƙa ba. Fili a ƙasa ma yana yiwuwa, da bim mai kauri, wato shiƙar kankaren da ke kwance a kan filoli tana ɗaukar nauyin sama, da aka lissafa tun farko. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a yanke shawarar a tsaye a filin aiki.

Alhaji Ɗan Kwangila:
Kuma ba sai babban canji ba. Mu kanmu 'yan kwangila mukan kawo canji don sauƙin aiki, a nan ne ya kamata mu ji tsoron Allah. A otel ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas a Amurka akwai gadoji na tafiya da aka rataye a cikin zauren, ɗaya a saman ɗaya. A zane, dogon ƙarfe ɗaya ne zai sauko daga rufi ya riƙe duka biyun. Masu ƙera ƙarfen suka ga zai yi wuyar haɗawa, suka raba shi biyu, ta ƙasa ta koma rataye a jikin ta sama. Nauyin da ke kan mahaɗar ta sama ya ninka. Injiniyoyi suka amince ba tare da sake lissafi ba. A Yulin 1981 ana taron rawa gadojin suka faɗo, mutum 114 suka rasu. A zane canjin ɗan layi ne kawai.

Shi ya sa a wurina ba a canja ko kaurin ƙusa a abin da yake ɗaukar nauyi sai mai zane ya gani ya sa hannu, ko da aiki zai tsaya kwana uku. Mai gini yakan ji haushi. Gara ya ji haushina.

Malama Mai Ƙididdiga:
Ta fuskar kuɗi ma haka. Duk canji a rubuta, a faɗi kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara, a sa hannu, sannan a taɓa. "Ku yi kawai ma daidaita daga baya" ita ce uwar rigima. Kuma ku fitar da mutum ɗaya a cikinku da zai riƙa ba da umarni, kada kowane abokin kasuwanci ya zo ya nuna da yatsa.

Mai Wayarin:
Wannan gaskiya ne. Sau nawa aka sa ni na matsar da soket bayan an yi filasta, kowa da inda yake so.

Hajiya Mai Kanti:
To ga inda na tsaya, in na yi kuskure ku gyara mini. Batun mu gina da kanmu na ajiye shi. Za mu kira kamfanonin ukun ɗaya bayan ɗaya tare da mai ƙididdiga su warware lissafinsu. Zan je wuraren da suke aiki yanzu, zan kuma nemi ƙananan 'yan kwangilarsu in ji ta bakinsu. Maganar hawa na huɗu za mu mayar wa mai zane a wannan makon.

Injiniya:
Daidai ne. Ki ƙara abu biyu. Ki ɗauki injiniyanki na kanki mai sa ido, wanda ke kike biyansa ba kamfani ba, kuma a rubuta cewa ba za a rufe rodi ko bututu ba sai ya gani. Sannan ki tambayi kowane kamfani sunan wanda zai zauna a wurin kullum, ki gan shi ido da ido, a sa sunansa a yarjejeniya. Wanda yake zuwa neman kwangila da babbar riga ba shi ne zai tsaya ranar zubi ba.

Malama Mai Ƙididdiga:
Ranar miƙawa kuma kada ki karɓi makulli kaɗai. Ki karɓi zanen ginin kamar yadda aka gina shi, ba kamar yadda aka zana da farko ba, wanda zai nuna inda kowace waya da bututu suka bi. Da takardun garantin lif da famfuna da rufi, da sakamakon gwajin wuta da na ƙararrawar gobara, da jerin gyare-gyaren da suka rage da ranar gama kowanne.

Mai Wayarin:
Hajiya, roƙo ɗaya. A sa a yarjejeniyar cewa kafin a biya kamfani kaso na gaba, sai ya nuna shaidar ya biya waɗanda suka yi aikin kason baya. Barista, ana iya sa wannan?

Barista:
Ana iyawa, kuma ana yi. Sai dai a rubuta shi da kyau, a bar wa kamfani damar riƙe kuɗin wanda aikinsa bai yi ba, da sharaɗin ya faɗi dalili a rubuce. Hajiya ki nuna wa lauyanki wannan sashen musamman kafin a sa hannu.